Kalmar da Aka Binne Sai Ista

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Shekara goma sha huɗu ina tura wa mutane fina-finai a waya a bakin tashar Gummi, amma ban taɓa kallon ko ɗaya ya kai ƙarshe ba. Da an wuce sunayen 'yan wasa an fara magana, sai ido ya yi mini nauyi. Duk da haka in ka tsaya gaban shagona ka tambayi fim mai kyau, zan gyara hula in ba ka labarinsa har ƙarshe, kuma sau da yawa ina dacewa, don ƙarshen fim bai wuce uku ba: ko a yi aure, ko a mutu, ko 'yan sanda su iso. Matata Turai kaɗai ta san wannan sirri, ita kuwa ta adana shi ne saboda ranar faɗa.

A shekarar da azuminmu da na Kiristoci suka kama a mako ɗaya, maƙwabcina Habila mai walda ya shigo shagona da hantsi, abin da bai saba ba. Shekara tara rumfarsa na jingine da tawa. Mutumin ƙasar Zuru ne, ɗan Katolika, kuma magana a wurinsa sai ta kama dole. Ƙarar injin ma ta ɗan taɓa masa kunne. Na ga toka a goshinsa, na ɗauka ta aiki ce, na miƙa masa tsumma. Ya ce a bar ta, ta coci ce, yau suka shiga azuminsu na kwana arba'in.

Ya daɗe yana kallon wayoyin da ke caji kafin ya fito da abin da ya kawo shi. Innarsa ce. Bayan kaka ya ɗauko ta daga ƙauyensu, can bayan Adabka, lokacin da mutanen wurin suka koma kwana a daji. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, cocin Gummi ya yi mata nisa, kuma tunda ta yi wayo ba ta taɓa yin azumi a wani wuri ba sai a ƙaramin cocin ƙauyensu. Yanzu ta ce azumin birni ba azumi ba ne, gida za ta koma. Hanyar nan kuwa ba sai na yi wa kowa bayani ba. Mai babur in zai bi ta, sai ya nemi gafarar iyalinsa tukuna.

"Fina-finan Littafi nika so, Namadi," in ji shi. "Waɗanda za su zaunar da ita har Ista."

Na ce ai ya zo inda ya dace. Akwai wata jaka a kwamfutata da na sa wa suna "Na Coci", wadda ban taɓa buɗewa ba, amma na yi masa bayaninta kamar ni na shirya su. Don in burge shi na danna na farko, na ƙure sifikar shago. Ai kuwa wata ƙungiyar mawaƙa ta ɓarke da Halleluya, har mai shayin tsallaken titi, da ke zaman banza saboda azumi, ya ɗago kai. Habila ya miƙa hannu ya zare wayar sifikar.

Ya ce wannan kalma ba sa faɗinta cikin azumi. Binne ta ake yi sai Ista, ranar bikin ƙarshen azuminsu. A ƙauyensu har rubuta ta ake yi a takarda, a tona rami bayan coci a rufe, kuma Innarsa ta taɓa hana shi tuwo yana yaro don ya yi suɓutar baki da ita. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, aka kira shi ga wata ƙofa da ta ɓalle, ya fita.

Sauran lissafin ni na yi wa kaina. Tsohuwar da ke neman hujjar cewa azumin birni ba azumi ba ne, in ta ji wannan kalma ta fito daga talabijin ɗin ɗanta, ai ta samu. Kafin a ce kwabo ta ɗaure kaya. Ke nan ran tsohuwa na rataye a kunnena. Ban taɓa jin na zama mutum mai muhimmanci kamar wannan hantsi ba.

Na fara da Malam Muktar, limamin masallacin tasha, don kada in je gyaran azumin wani in ɓata nawa. Ya saurare ni yana jan tasbaha. Ya ce tsare uwar maƙwabci daga halaka haƙƙin maƙwabtaka ne, babu ja a nan. Amma mutum ya zauna yana kallon wani ɗan wasa wai shi ne Annabi kaza, wannan kam ya ce bai ba ni ba. Na tambaye shi saurare fa. Ya dube ni irin duban da ake yi wa mai neman ƙofar baya, ya ce shi dai bai taɓa jin kunne ya ga fuska ba. Na tashi da sauri kafin ya ƙara tunani.

Washegari na je ƙofar cocin Katolika, na tsaya a gindin dogon yaro na aika a kira mini katikis, wato mai karantar da su addini. Yohanna sunansa, tsohon malamin firamare, ya ma koyar da ƙanena lissafi bai yi nasara ba. Ya sa tabarau ya duba sunayen da ke cikin jakata, ya yi dariyar da ta ɗan taɓa mini zuciya. Ashe fiye da rabinsu na fasto ne yana kokawa da mayu, akwai ma ɗaya da ya ce ba na coci ba ne sam, bikin wani attajiri ne. Shekara nawa ina tura wa mutane wannan biki a matsayin wa'azi, Allah kaɗai ya sani.

A bayan wata tsohuwar kalanda ya rubuta mini abin da ya dace, bi da bi: labarin Ibrahim, na Yusufu, na Musa, haƙurin Ayuba, sai misalai irin na ɗan da ya cinye gadonsa ya dawo gida. Na shan wahala a kan gicciye, ya ce, sai makon ƙarshe. Na tashi daga matattu kuwa kada in kuskura in fitar da shi kafin ranarsa. Na tambaye shi zancen kalmar nan, ya ce haka ne, ko shi da yake tsaye gaban jama'a ba ya furta ta. Ban gaya masa shirina ba. Ina so abin ya zo wa kowa ba zato.

Matsalar ita ce na Turanci nake da su, tsohuwa kuma ba ta jin Turanci. Mutum ɗaya na sani mai waɗanda aka juya zuwa Hausa, Atiku, abokin sana'ata a Anka, wanda ya tara su tun zamanin da baƙi suka cika garin saboda zinariyar Bagega. Ranar kasuwa na shiga mota cikin ayari, da azumi a bakina. Daga Daki Takwas zuwa Anka babu wanda ya yi tari a motar nan, ni kuwa na karanta duk addu'ar da na sani har na koma maimaita ta shiga banɗaki. Atiku ya juye mini fim ashirin da bakwai, har da wasannin kwaikwayo da matasan coci suke shiryawa da Hausa. Ya tambaye ni ko na sauya layi ne. Na ce aikin ceto ne, ba zai gane ba.

Ga yadda na yi aikin. Na yanko kwalin sabulu na manne shi da salatif a kan rabin fuskar kwamfuta, inda hoto ke fitowa. Na bar ƙasa a buɗe, inda murya ke zana kanta kamar kunyoyin gona. Na toshe kunnuwa da iyafis. Tsakanin azahar da la'asar tasha takan mutu murus a watan azumi, to wannan lokaci na ba aikin. Duk inda kalmar ta fito, sai in tsaya, in yanke muryar wurin, in bar hoton ya wuce shiru. Abin da na yanke ba na zubarwa. Na buɗe masa wata jaka daban, tunda binnewa aka ce, ba ƙonewa ba.

Fina-finan Turawa da aka juya ba su wahalar da ni ba, sai a waƙar farko da ta ƙarshe. Amma matasan cocin nan, Allah ya shirye su. A gaisa, Halleluya. Yaro ya ci jarrabawa, Halleluya. Akwai wata mata a cikin wani wasa da ta faɗe ta sau tara saboda akuyarta ta haifi biyu. Kafin mako ya cika na daina buƙatar kunne ma, da ido nake gane ta a zanen murya: tudu huɗu, na ukun ya fi tsawo, kamar raƙumi ya durƙusa da kaya.

Abin mamaki, barci bai ɗauke ni ba ko sau ɗaya. Mutumin da ke farautar kalma ba ya gyangyaɗi. Na saurari fim ashirin da bakwai tun daga farko har ƙarshe, kuma na gano akwai ƙarshen fim na huɗu da ban sani ba, wato a yafe wa mutum. Turai ta lura na rame. Ta ce ni kaɗai ne a Gummi nake azumi biyu, kuma tana tsoron ladan ɗaya ma sai an duba. Ta ƙara da cewa shekara ashirin tana yi mini magana ban taɓa sauraronta da rabin wannan natsuwa ba. Na ce ita ma in ta yarda in riƙa yanke wasu wurare, zan saurara.

Duk bayan kwana biyu nakan ba Habila filas, ɗan abin nan da ake sokawa a bayan talabijin, da sabon fim a ciki, ya kawo tsohon. Na gaya masa irin tiyatar da nake yi. Ya karkato kunnensa mai ji, ya dube ni, ya ce ai da ban wahalar da kaina ba. Na san wannan magana. Ita ce mutum ke faɗa in ka kawo masa cinyar rago, yana faɗa yana miƙo hannu. Na ce haba, mene ne amfanin maƙwabtaka.

Mako uku abin yana tafiya. Ranar wata Talata Habila ya shigo ko sallama bai gama ba ya zauna a kan benci. Inna ta ɗaure kaya. Ta aika an kira wani mai babur ɗan ƙauyensu, sun yanke ranar Alhamis da sassafe. Ta ce ta gode da hotuna, amma makon ƙarshe na azumi a gida ake yinsa, kuma tana so ta isa da wuri ta share cocin. Ya roƙe ta, matarsa Rifkatu ta yi kuka, katikis ya zo ya yi magana. Ta ce duk ta ji.

"Uwa ce, Namadi," in ji shi. "Ba ni iya ɗaure ta."

A nan ne sana'a ta yi rana. Na tambaye shi ina suka kai a jerin katikis. Ashe ni na yi kuskure, na tsallake Yusufu na ba su Musa da Ayuba, don na Yusufu dogo ne, na bar shi sai na samu sarari. Na ce ya ba ni zuwa la'asar.

Duk mai tura fim ya san abu ɗaya: mutum ba ya dawowa shago saboda fim ya yi kyau, yana dawowa ne saboda an yanke masa shi a tsakiya. Labarin Annabi Yusuf kuwa, alaihis salam, ba sai an nuna mini hoto ba, tun muna makarantar allo muke jinsa. Na zauna da kwalina da iyafis, na bi shi da kunne. Inda na ji 'yan'uwa sun yi shawara, na ji ihu ya yi ƙasa yana amsa kuwwa, na ji takun mutane suna tafiya, a nan na sa wuƙa. Minti goma sha takwas cif. Na ba Habila, na ce ya kunna musu yau, in an tambayi sauran ya ce mai shago ya ce sai gobe.

Ranar Laraba na ba da kashi na biyu, na tsayar da shi daidai inda aka kai wa uban riga da jini. Da rana ta yi ranar Alhamis na kasa zama, na leƙa rumfar Habila. Yana tsugune yana walda. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce mai babur ya zo ya koma shi kaɗai. Jikokin ne suka riƙe mata zane, suka ce ba inda za ta je ta bar yaro a hannun fatake. Ta ce to, Asabar.

Asabar ta zo Yusufu yana kurkuku. Ta ce Talata. Ranar Talata mai shayarwar sarki ya manta da shi. Na ja labarin nan kamar ƙosai a hannun marowaci, fim na awa uku na raba shi kashi goma sha ɗaya. Sallarmu ta zo ta same ni a kai. Da na sauko daga idi, da sabuwar shaddata, na buɗe shago na minti ashirin don in ɓoye kofi a buhun Biliyaminu ƙanen Yusufu, sannan na tafi gaishe-gaishe. Kafin 'yan'uwan su gane wanda ke gabansu, makon ƙarshe ya shigo, ruwan farko ma ya ɗan taɓa ƙasa can wajen Bukkuyum, kuma mai babur ya gaji da zuwa. Habila ya ce ta kwance ƙunshin da kanta, wai tana neman wani ɗankwali, ba ta sake ɗaurewa ba.

Na makon ƙarshe na ba su ɗungurungum, ban raba ba. Ko ta kunne ma na ji ba wurin wasa ba ne. Babu kalmar a ciki ko ɗaya, amma na saurare shi duka don in tabbata.

Ranar Asabar kafin Ista na buɗe jakar da nake binnewa. Guda ɗari da sittin da uku na tarar. Na jera su a bayan juna, na fara da na tsofaffi masu sanyin murya, na bi da na yara, na sa matar akuya a tsakiya, na rufe da mawaƙan nan da suka firgita mai shayi. Minti shida da 'yan daƙiƙu. Na saurara sau biyu, na ce ko a Kano ba a taɓa haɗa irin wannan ba. Na juye shi a sabon filas, na naɗe a takarda kamar turare.

Habila ya gayyace mu cin abincin rana ranar Ista. Kajin ma Malam Muktar aka kai wa ya yanka saboda mu. Turai ta shige wurin Rifkatu a madafa, ni aka kai ni falo, karo na farko da na taka cikin gidan. Mutane sun cika shi, 'yan ƙasarsu da suka dawo daga coci, har da katikis Yohanna. Inna na zaune a kan tabarma kusa da talabijin, 'yar ƙaramar tsohuwa, ƙafafu a miƙe, jikoki sun kewaye ta. Fim ɗin Yusufu ne a kai, sun sake sa shi daga farko. Na yi maza na juya wa allon baya. An kashe muryar, na ce a raina mutanen nan akwai ladabi, saboda baƙi ne. Ita ce ke ba da labarin tana nuni da sanda, tana yin muryar kowa, har da ta raƙuma.

Da aka ce mata ga mai shagon, ta ajiye sandar ta ce in matso.

"Kai ne ɗan banzan da ya bar yaro ya kwana cikin rijiya?"

Na durƙusa na ce ni ne, Inna.

"Allah shi yi maka albarka. Ɗiyan ga ba su taɓa zama sun saurare ni ba sai bana."

Ta kama hannuna ta ɗaga wa jama'a, ta ce wannan ɗanta ne na Gummi. Ta ce ta ga azumin birni ma ana iya yinsa, in akwai masu hana mutum sakat. Zancen ƙauye kuwa sai hanya ta yi kyau. Habila ya fita waje, wai zai duba ruwan sha, ya daɗe bai dawo ba. Katikis ya yi jawabi a kan maƙwabtaka, ya ambaci sunana sau uku, na ƙirga. Aka ajiye mini cinya biyu da ƙirji. Daga ƙofar madafa na hango Turai tana kallona, kuma a karon farko tun aurenmu ba ta da abin cewa.

Na bari sai da aka ci aka wanke hannu, sannan na miƙe na gyara babbar riga. Na yi musu bayanin komai: kwalin sabulu, tafiyar Anka, tudu huɗu, matar akuya. Na ce kwana arba'in na tsare musu kalmarsu, ko ɗaya ban bari ta kuɓuce ta shiga gidan nan ba, yau kuma na tono ta na kawo musu amanarsu cif. Na warware takardar, na ba Habila filas ɗin. Ya karɓa yana kallona, ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu na ce ba sai ya gode ba.

Ya soka shi a bayan talabijin. Allo ya yi baƙi, ɗan layin da ke ƙasa ya fara tafiya. Falo ya yi tsit. Na ce ya ƙara murya, ya ƙure ta gaba ɗaya.

"Ai ba ta da murya, Namadi," in ji Habila. "Sifikar ta ƙone tun kafin Kirsimeti."